Gigin Tsufa: Daga Cikin Gida zuwa Ma'aunin Likita

Bahaushe ya daɗe da sanin gigin tsufa, amma bai lasafta shi cikin cututtuka ba. A tsofaffin unguwannin birnin Kano, irin su Zaitawa, in tsohuwa ta soma ɓoye goronta tana cewa jikoki sun sace, akan ce shekaru ne. In abin ya yi nisa, har tana fita lungu da tsakar dare neman gidan mahaifinta, sai zance ya koma ga iskoki ko sammu. Matakin ƙarshe kuwa, na shiru da kwanciya, ba a cika kuka da shi ba, alhali shi ne mafi tsanani.

Likitocin Turai ma ba su tsere mana da nisa ba. A 1906 Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana labarin Auguste Deter, wadda zargin mijinta na cikin alamun farko na ciwonta. Duk da haka mantuwa aka fi aunawa. A 1994 ne Jeffrey Cummings a Amurka ya fito da ma'auni mai bin halaye goma, ciki har da zargi da fushi da mutuwar zuciya, wanda kuma mai jinya ake tambaya, ba majinyaci ba.

To, a nan nake da ja. A gidajenmu mai jinya sau da yawa matar ɗa ce. Kunya ba za ta bar ta ta ce surukinta yana zagi ko tuɓe tufa ba, balle in mijinta na zaune. Abin da likita zai ji daga bakinta shi ne jiki da sauƙi.