Ƙaramin Bambanci da Makomar Girgiza a Sassa Masu Maimaita Siffa

Idan aka jera sassa iri ɗaya a tazara ɗaya, kamar layin dogo bisa matokaransa ko fukafukan farfelar injin jirgin sama, girgiza ba ta ratsa su yadda take ratsa miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe. Kowane sashe yakan mayar da wani ɓangare na igiyar girgizar baya, kuma a wasu mitoci, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa guda, igiyoyin da suka dawo sukan ƙarfafa juna har su tare wa girgizar hanya, abin da masana ke kira giɓin mita. Léon Brillouin ya tattara lissafin wannan al'amari a littafinsa na 1946, sannan a 1995 masu bincike suka auna shi a birnin Madrid, a jikin wani aikin fasaha na jerarrun bututun ƙarfe da Eusebio Sempere ya ƙera, inda sauti ya raunana ƙwarai a wajajen hez 1670.

Sai dai lissafin ya dogara ne kan zaton cewa sassan ba su da bambanci ko kaɗan, alhali babu masana'antar da ke iya ƙera haka. A 1958 Philip Anderson ya nuna cewa rashin tsari a cikin daskararren abu yana iya tsare igiyoyin elektron a wuri guda, kuma a farkon shekarun 1980 Hodges da Woodhouse suka tabbatar da irin wannan a Kambirij ta hanyar tsirkiyar da aka ɗaura wa ƙananan nauyaya: da aka ɗan gusar da su daga mazauninsu, sai girgizar ta maƙale kusa da inda aka taɓa, tana raguwa da sauri gwargwadon nisa. Abin lura shi ne, girman bambancin shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an gwada shi da ƙarfin haɗin da ke tsakanin sassan. Inda haɗin yake da rauni, bambancin da ido ba ya gani ya isa ya sauya komai.

Saboda haka injiniyan da ya ɗauki rashin daidaito a matsayin ɗan kuskuren da za a kawar da kai daga gare shi ya yi ganganci. A farfelar injin jirgi, ƙarfin girgizar da ya kamata ya watsu a dukkan fukafukai yakan taru a kan ɗaya ko biyu, ƙarfensu ya gaji, tsagewa ta fara tun kafin lokacin da lissafi ya nuna. Wannan ne ya sa wasu masu tsara injuna suke sanya bambancin da gangan, suna jera fukafukai iri biyu bi da bi, domin bambancin da aka tsara ya rinjayi wanda ƙira da zaizayewa suke haifarwa.