KitKat: Sunan Cakulan da Ya Zama Ma'aunin Tsufan Waya

A teburan masu gyaran waya na Nasarawa da maƙwabciyarta Kakuri, a kudancin kogin Kaduna, akwai cutar da canjin batir ba ya magance ta. Waya lafiyarta ƙalau, tana kira tana amsawa, amma WhatsApp ya ƙi buɗewa. Mai gyara zai leƙa saiti, in ya ga Android 4.4 sai ya mayar wa mai ita, ya ce KitKat ce, ta kwana biyu.

Sunan ya samo asali ne daga wata al'adar injiniyoyi, ta laƙaba wa aiki sunan cikin gida kafin ya fito kasuwa. Microsoft ya kira Windows 95 da Chicago, ya kira Windows XP da Whistler, sunan wani wurin shaƙatawa na duwatsu a Kanada, amma da ranar sayarwa ta zo sai a ajiye laƙabin. Google kuwa ya fito da na Android ɗinsa fili. Daga Cupcake a 2009 ya riƙa bin haruffan boko da sunayen kayan zaƙi: Donut, Eclair, Froyo, Gingerbread, har da kafa musu mutum-mutumi a harabar kamfanin.

Da aka iso harafin K, ma'aikata suna ce wa sabon zubin Key Lime Pie. A watan Satumban 2013 aka sanar cewa an daidaita da kamfanin Nestlé mai yin cakulan, sunan ya koma KitKat. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne an rage masa nauyi da gangan, don ya yi aiki a wayar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce megabait 512 ba. Wato na talaka ne. Shi ya sa wayoyin Tecno da Infinix masu araha da suka cika kasuwannin Arewa a 2014 da 2015 suka zo da shi, kuma a kansu mutane da yawa suka fara taɓa intanet.

Sai dai a bayan kowane sunan zaƙi akwai lambar da masu rubuta manhaja suke dubawa. Ta KitKat 19 ce, ta Lollipop da ya biyo baya 21. Mai manhaja shi ke yanke lambar da ba zai sauka ƙasa da ita ba, domin lallaɓa tsohon zubi aiki ne mai cin kuɗi. Waya mai araha kuwa ba kasafai ake aiko mata da sabuntawa ba. A lambar da aka saye ta, a nan take tsufa.

A 2019 Google ya daina bayyana sunayen, ya ce ba ko'ina aka san waɗannan kayan zaƙin ba, ko da yake a cikin gida an ci gaba: Android 13 Tiramisu ne, 16 kuma Baklava.

KitKat ya kai kusan shekara goma kafin a rufe masa ƙofa. A 2023 Google ya janye masa tallafin hidimomin Google Play, bisa hujjar cewa masu amfani da shi ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, sannan daga 24 ga Oktoba WhatsApp ya ce sai Android 5.0, wato Lollipop, zuwa sama. Lissafin daidai ne, amma tun 2021 na'urorin Android sun haura biliyan 3, don haka ko rabin kashi ɗaya miliyoyin mutane ne, kuma da wuya a ce a Kalifoniya suke zaune.