Tsofaffin bindigogin Mora da arewacin Kamaru: asalinsu, yadda ake gane su da abin da doka ta ce

A Turai da Amurka, tara tsofaffin bindigogi sana'a ce mai kasuwa da gwanjo da ƙungiyoyi. A Mora da sauran garuruwan arewacin Kamaru, masu riƙe da su sarakuna ne da dogarai da maharba da gidajen da suka gaji kayan kakanni. Ba a saye su don ado ba. An yi yaƙi da su ko farauta, daga baya suka zama na bikin Sallah, wasu kuma aka jingine su a ɗaki har aka manta da su. Darajar irin wannan bindiga tana cikin labarinta: wa ya riƙe ta, daga ina ta zo, a wane yaƙi. Idan ta bar gida ba tare da wannan labari ba, abin da ya rage ƙarfe ne da itace kawai.

Me ya sa Mora

Mora ita ce hedikwatar gundumar Mayo-Sava a jihar Arewa Mai Nisa, kimanin kilomita 60 arewa da Marwa, kusa da iyakar Najeriya. Nan ne fadar Sarkin Mandara, wato masarautar Wandala, wadda ta zauna a Kerawa da Dulo kafin ta tare a Mora a farkon ƙarni na 19, lokacin da Fulanin Modibbo Adama suka matsa mata. Garin yana tsakanin Borno da Adamawa da Bagirmi, don haka makaman da suka shigo yankin Tafkin Chadi, ta hamada ko ta teku, sukan iso nan. Ƙasar Mandara kuma ta yi suna da tama da maƙera, waɗanda suka iya gyara bindiga da sake mata sassa.

Kalmomin kansu suna nuna hanyar da abin ya biyo. Bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci Hausa ta aro su. A Borno, Mai Idris Alauma ya yi amfani da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta. A Kano, tarihin sarauta ya ce Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A Damagaram, Sarki Tanimu ya kai ga sa a ƙera igwa a Zinder a ƙarni na 19.

Duk da haka bindiga ta daɗe ba ta fi baka da doki ba. A watan Afrilun 1823 Baturen Ingila Dixon Denham ya iso Mora tare da rundunar Borno ta Barka Gana da Larabawan Bu Khalum masu bindiga. Suka haɗu da mayaƙan Mandara suka auka wa Fulani a Musfeya, amma kibau masu dafi suka watsa su. Bu Khalum ya mutu da raunin kibiya, Denham kuma ya sha da ƙyar. Bindigar wancan zamani tana cin lokaci kafin a sake ɗura ta, kuma ba ta da saiti daga nesa.

Iri huɗu da ake samu

Na farko su ne bindigogin fatauci, waɗanda Hausawa ke kira adaka ko bindigar toka. Ta baki ake ɗura su: a zuba albarushi, a tura harsashi da sanda. Tsofaffin suna tashi ne da ƙanƙara mai kyasta wuta, na baya kuma da 'yar hular tagulla da ake ɗorawa. Yawancinsu a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su, musamman don kasuwar Afirka. Wasu sun zo ta Tarabulus da Fezzan, wasu ta kogin Kwara da Binuwai zuwa Yola da Garwa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shi ya sa aka ci gaba da shigo da su bayan Turai ta daina amfani da su, kuma shi ya sa su ne suka fi yawa a gidaje.

Na biyu su ne na zamanin Rabe. Rabe Fadlallah ya fito daga Sudan da rundunar da ta saba da bindiga, ya ci Borno a 1893, ya kafa hedikwata a Dikwa. A tsakiyar shekarun 1890 mutanensa suka ci Mandara, suka kama sarkinta. Rundunarsa tana da bindigogin toka da yawa, tana kuma da waɗanda ake ɗurawa ta baya da harsashi mai kwanso, irin su Remington da sojojin Masar suka yi amfani da ita. An kashe Rabe a Kuseri ranar 22 ga Afrilun 1900, ɗansa Fadlallah kuma a Gujba a 1901. Da rundunar ta watse, makamanta suka bazu tsakanin Borno da Mandara da Chadi.

Na uku su ne na sojojin mulkin mallaka. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, sannan a watan Janairun 1902 Hans Dominik ya karya rundunar Lamido Zubairu na Adamawa da Lamidon Marwa da mashinga. Sojojin Jamus baƙaƙe sun riƙe Mauser, tsohuwar samfurin 1871 da kuma sabuwar samfurin 1898. Na Faransa sun zo da Gras ta 1874 da Lebel ta 1886 da Berthier, na Ingila kuma da Lee-Enfield.

Na huɗu su ne ƙirar gida. Maƙeri yakan ɗauki bututun tsohuwar bindigar Turai ya yi mata sabuwar ƙota, ko ya ƙera komai da kansa. Sau da yawa ana naɗe su da fata ko waya ko tagulla, a rataya musu laya. Masu tarawa a Turai sun daɗe suna raina su, amma ga tarihin ƙasa su ne suka fi magana, domin suna nuna hannun maƙeran yankin.

Yaƙin Dutsen Mora

Abin da ya sa sunan Mora ya shiga littattafan tarihin soja shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Agustan 1914 kwamandan Jamus na garin, Kyaftin Ernst von Raben, ya bar barikinsa ya hau dutsen da ke saman Mora da mutum kimanin 200 da mashinga 4. Sojojin Ingila suka zo daga Maiduguri ƙarƙashin Kyaftin Fox, na Faransa suka zo daga Chadi, suka kewaye dutsen. Sun kai hari sau da dama ba su ci ba.

Garwa ta faɗi ranar 10 ga Yunin 1915, bayan Kanar Cunliffe na Ingila da Kanar Brisset na Faransa sun yi mata ruwan igwa. Yawunde ta faɗi a farkon Janairun 1916. Mora ta rage ita kaɗai, har ranar 18 ga Fabrairun 1916 da von Raben ya miƙa wuya da mutum kimanin 155, bayan wata kusan 18. Nan ne wuri na ƙarshe da tutar Jamus ta sauka a Kamaru. An karɓi mashinga 4 da bindigogi sama da 180 da harsashi dubbai. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan yaƙi a ɓangarorin uku 'yan Afirka ne, kuma Hausawa suna da yawa a rundunar Najeriya, wadda Hausa ce harshen aikinta. Don haka tarihin makaman Mora na zuriyarsu ne a Maiduguri da Kano da Yola kamar yadda yake na mutanen Mandara.

Yadda ake gane tsohuwar bindiga

Abu na farko da masana ke dubawa shi ne hatimin gwaji da ake bugawa a gindin bututu. Haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai suna nufin Liège, idan kuma akwai kambi a saman da'irar to an buga shi daga 1893 zuwa gaba. Birmingham tana da nata gidan gwaji tun 1813, hatiminsa sanduna biyu ne gicciye da kambi. Bindigogin sojan Faransa suna ɗauke da sunan masana'anta, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, da shekarar samfuri. Na Jamus sukan nuna Spandau ko Amberg ko Danzig ko Erfurt. Shekarar samfuri ba ita ce shekarar ƙira ba: Gras mai rubutun 1874 tana iya zama an ƙera ta bayan shekaru.

Sai a duba ko lambobin sassan sun yi daidai da juna. Idan sun bambanta, an haɗa ta ne daga bindigogi biyu ko uku, abin da ya zama ruwan dare a nan. Wannan yana rage mata kuɗi a gwanjon Turai, amma ba ya rage mata tarihi. A yi hattara da maganar dillalai. Ba kowace doguwar bindiga mai tsatsa ce ta Rabe ba, kuma akwai masu tsufar da sabuwar ƙira da hayaƙi da ƙasa don su yaudari baƙi.

Haɗari da adanawa

Tsohuwar bindiga tana iya zama a ɗure. Maharba sukan jingine ta da albarushi a ciki, kuma albarushi busasshe yana tashi bayan shekaru masu yawa. Kada a nuna ta ga mutum, kada a bar yara su taɓa kunamarta, kada a kai ta kusa da wuta. Kada a gwada harba ta, domin tsatsa tana cin bututu daga ciki, ya fashe a hannun mai harbi. Duk wanda ya tsinci tsohon harsashin igwa a gona ko a kan dutse, ya bar shi inda yake ya sanar da jandarma.

Wajen adanawa, manyan abokan gaba su ne laimar damina da gara da kuma hannun mai son ta yi ƙyalli. Gogewa da yashi ko takardar guga tana shafe hatimi da lamba, wato takardar shaidarta. Ya isa a share ƙura da tsumma, a shafa wa ƙarfen mai kaɗan, a ajiye ta nesa da ƙasa da bango mai danshi. Kada a cire fata ko laya ko wayar da aka naɗa mata. Abu mafi amfani shi ne a ɗauki hotonta da na hatimanta, a zauna da dattawan gida a rubuta abin da suka sani, da boko ko ajami ko a naɗi muryarsu a waya.

Abin da doka ta ce

A Kamaru, doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamban 2016 ce ke tsara makamai da harsasai. Ta kasa su gida 8, na takwas shi ne tsofaffin makamai da na tarawa, waɗanda ake kira armes anciennes et de collection da Faransanci. Mai bindiga ba shi ke yanke cewa tasa tsohuwa ce ba, hukuma ce ke yankewa. Bindigar soja kamar Mauser 1898 ko Lee-Enfield, ko da ta haura shekara 100, tana iya harba harsashin da ake samu yau. Izinin mallakar makami yana hannun ma'aikatar kula da harkokin cikin gida, kuma a ofishin kantoma ake fara tambaya.

Yanayin tsaro ya ƙara wa batun nauyi. Tun 2014 Mayo-Sava take fama da hare-haren Boko Haram, a Kolofata da Amchide da Kerawa da Mora kanta, kuma a Mora ne sashe na ɗaya na rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Tafkin Chadi yake da hedikwata. A irin wannan wuri, sojan da ya ga bindiga a mota ba zai tsaya tambayar shekarunta ba. Mutum na iya shiga hannu saboda gadon kakansa. Hanya mafi aminci ita ce a sanar da lawan ko fadar sarki, su haɗa mai ita da hukuma, kafin a motsa ta daga gida.

Tsallaka iyaka da ita wani laifi ne daban. Kamaru tana cikin Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan ƙananan makamai, Najeriya kuma tana ƙarƙashin ta ECOWAS ta 2006. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ko bindigar toka sai da lasisi. Takardar da aka ba mutum a Marwa ba ta aiki a Banki ko Mubi. Akwai kuma dokar kayan tarihi ta Kamaru mai lamba 2013/003 ta ranar 18 ga Afrilun 2013, da yarjejeniyar UNESCO ta 1970, waɗanda suka hana fitar da kayan gado ba tare da izini ba.

Inda ake ganinsu

A arewacin Kamaru, fadoji ne manyan ma'ajiyar waɗannan makamai. A hawan Sallah da fantasiya a Garwa da Marwa da Ngawundare da Rey-Buba, 'yan bindigar lamido suna harba albarushi sama, kamar yadda ake yi a hawan daushe na Kano. A ɓangaren Najeriya, gidan Rabe na Dikwa yana cikin wuraren tarihi na ƙasa, Gidan Makama na Kano kuma yana nuna kayan yaƙin masarauta. A kan Dutsen Mora har yanzu ana ganin ragowar wuraren da Jamusawa suka yi kafi da kaburburan sojojinsu.

Iyalin da ba sa son ajiye bindigar gado a gida suna iya ba da ita amana ga fada ko gidan tarihi, tare da takardar da ta nuna sunan wanda ya riƙe ta da gidan da ta fito. Ta haka ta fita daga haɗarin doka da na yara, sunan mai ita kuma ya zauna tare da ita.