Sunayen Sassan Gini da Asalinsu

Ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe, amma sunan da magina suka sa wa kowane sashe nasa yakan fi ginin daɗewa. Wanda ya bi sawun waɗannan sunaye zai gane hanyoyin da sana'ar gini ta biyo ta shigo ƙasar Hausa.

Ɗakin nan na bakin gida inda maigida ke karɓar baƙi, Zazzagawa da Katsinawa zaure suke ce masa, Kanawa kuwa sukan ce soro. Abin rufe ƙofa a Kano ƙyaure ne, a Sakkwato gambu. Zabarmawa ma gambu suke cewa, ga shi kuwa su da mutanen Kabi maƙwabtan juna ne tun zamanin daular Sanwai. Haka kuma bene, domin a Zabarmanci ma'anarsa sama.

Waɗansu sunayen kuma daga arewa suka zo tare da fatake da malamai masu ƙetare hamada. Tubali daga "ɗub" na Larabci ya fito, su Larabawa kuwa daga Misirawan dā suka same shi. Taga ma Larabci ce, haka nan hasumiya, irin ta Gobarau da ke Katsina, wadda asalinta "sauma'a".

Amma fa ba duka ne aro ba. Waɗansu magina ne suka dubi abin da ke kewaye da su suka raɗa. Ƙahon da ake tsayarwa a kusurwar soro suka ce masa zanko, don ya yi kama da zankon da ake bar wa yaro a ka. Azarar giginya da aka jera aka yaɓe ta yi siffar baka ta tallafi rufi, ita ce bakan gizo. Inda bakuna suka gamu a tsakiya kuwa ɗaurin guga, watau kamar yadda ake ɗaura wa guga igiya. Irin wannan aiki shi ya ɗaukaka sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Da siminti da bulo da kwano suka shigo, sai suka zo da nasu sunaye. To, gidan da aka rufa da kwano ba ya bukatar azara, balle ɗaurin guga. In tsofaffin magina suka ƙare ba a rubuta abin da ke bakinsu ba, sunayen za su bi su, tarihin da ke cikinsu kuma ya bi sunayen.