Faɗa-wuta mai ɗige-ɗige

Faɗa-wuta mai ɗige-ɗige, wanda masana ke kira Biston betularia, ƙwaro ne mai tashi da dare, da rana kuma ya lafe a jikin itatuwa. Asalinsa fari ne mai baƙaƙen ɗigo, amma a 1848 aka ga baƙi wuluk a birnin Manchesta na Ingila. Hayaƙin kwal na masana'antu ya baƙanta itatuwa, fararen suka fito fili, tsuntsaye suka yi ta tsince su. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 baƙaƙen sun mamaye birnin. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956, sannu a hankali fararen suka sake rinjaye.

Har yau ana gardama a kansa. Wasu na cewa wannan sabawa da muhalli ce kawai, tunda ƙwaron bai rikiɗa ya zama wata halitta ba. Masana halittu kuwa sun fi su hujja: babu ƙwaro guda da ya sauya launi a rayuwarsa. Launin gado ne, abin da ya sauya shi ne yawan masu ɗauke da shi daga zuriya zuwa zuriya, kuma wannan suke kira juyin halitta. A 2016 aka gano sauyin ƙwayar gadon da ya haifar da baƙin launin.