Kamfanin Mulmula Ƙarfe na Katsina: Masana'antar da Doka ta Zana

Duk wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar Kwaya ya miƙi hanyar Dutsin-Ma, ba zai yi nisa ba sai ya hangi doguwar rumfar kamfanin mulmula ƙarfe. Yau sunan Dana Steel ne a jikinsa, amma mutanen gari har gobe Sitil Rolin suke ce masa. Kafin a aza tubali ko ɗaya a wurin, doka ta riga ta yanke irin aikin da zai yi da wanda ba zai yi ba.

A 1971 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa. A 1979, gab da sojoji su miƙa mulki, gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da doka mai lamba 60, wadda ta rushe hukumar ta kuma rarraba aikin. Ajaokuta da Aladja su narka ƙarfe. Jos da Osogbo da Katsina kuma su mulmula shi ya zama rodi da waya, kowace tan 210,000 a shekara. Kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya gina ta Katsina, aka buɗe ta a 1982 zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna.

Niyyar mai kyau ce: a baza masana'antu ko'ina a ƙasa, magini a Katsina ko Sakkwato ya samu rodi kusa da gida, samari su samu aikin yi. Sai dai wannan rabon aiki ya ɗaure hannun injiniyoyi. Masana'antar Katsina ba a yi mata tukunyar narka ƙarfe ba. Abin da take da shi tanderu ne na gasa dogayen sandunan ƙarfe masu kusurwa huɗu, waɗanda ma'aikata ke kira bilet. Sanda za ta fito daga wuta jajur, ta bi ta tsakanin injunan matsa ɗaya bayan ɗaya, tana sirancewa tana ƙara tsawo da gudu, har ta faɗa wurin hucewa ta zama rodi, a yanka a ɗaure. Aiki ne mai ban sha'awa ga wanda ya gani. Amma in babu bilet, injunan nan duk tsadarsu sai su yi shiru.

Bilet kuwa daga Aladja zai taso, kusa da Warri, tafiyar sama da kilomita 1,000. Layin dogo bai shigo birnin Katsina ba; wanda ya tashi daga Zariya ta Funtua ya bi ya nufi Ƙaura Namoda. Saboda haka a bayan tirela ake jigilar kaya mafi nauyi, kuɗin mota kuma ya hau kan kowane tan. Ita ma Aladja ba ta taɓa kaiwa ko kusa da adadin da aka tsara mata ba, Ajaokuta kuwa ba a kammala babban tanderunta ba. An gina bakin da zai ci, ba a tabbatar da hannun da zai ba shi ba.

Da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi. Sayo bilet da kayan gyara daga waje ya yi tsada matuƙa. Kamfanin ya riƙa aiki yau, gobe ya tsaya, ga kuma matsalar wutar NEPA.

Doka ce kuma ta sake juya akalarsa. Dokar sayar da kamfanonin gwamnati ta 1999 ta ba hukumar BPE ikon cefanar da su, a 2006 kamfanin Dana ya karɓi na Katsina. Sababbin masu shi suka yi abin da tsarin 1979 bai tanada ba: suka kafa sashen narka ƙarfe a nan Katsina, domin su zuba bilet ɗinsu daga tsofaffin ƙarafa. Wata ƙa'idar ta taimaka wa lissafin, domin tsohon ƙarfe na cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta fitarwa waje, don haka a gida ake sayar da shi. Ta haka yaron bola jari mai tura kura a lungu, da dillalin da ke ɗora mataccen inji a sikeli, suka shiga sarƙar da a da sai babbar masana'antar gwamnati.

Narka tarkace na da nasa haɗari. In ba a auna sinadaran da ke cikin narkakken ƙarfe ba, rodi kan fito mai gautsi, ya karye wurin lanƙwasawa. Shi ya sa hukumar SON ta gindaya ma'auni kan ƙarfin rodi da kaurinsa, kuma wannan ne ke tilasta wa duk mai narka ƙarfe ajiye ɗakin gwaji. Ƙa'ida irin wannan ta cancanci a tsaya mata, domin rayukan masu kwana ƙarƙashin dakin suna rataye da ita.

Layin dogon da masana'antar ta rasa tun farko sai a 2021 aka aza harsashinsa, wato layin Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Katsina, kusan shekara 40 bayan buɗe kamfanin.