Masu Hidimar Jinƙai a Coci: Su Wane Ne, Kuma Me Suke Yi?

Masu hidimar jinƙai mabiya coci ne, ba fastoci ba, waɗanda ake horarwa domin su tsaya tare da wanda ya shiga tsanani: rasuwa, doguwar jinya, mutuwar aure, karayar jari ko rasa aiki. Ba a biyansu ko kwabo.

Kiristoci na danganta tushen wannan aiki da sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni a Littafi Mai Tsarki, inda aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanus, don kula da matan da mazajensu suka rasu. A 1833 Frederic Ozanam da abokan karatunsa suka kafa ƙungiyar St. Vincent de Paul a birnin Paris na Faransa, wadda 'ya'yanta ke ziyartar mabuƙata har gida, bibbiyu. Ƙungiyar na da rassa a cocin Katolika a Najeriya. A 1975 kuma Fasto Kenneth Haugk, masanin halayyar ɗan Adam, ya soma tsarin Stephen Ministries a St. Louis ta Amurka. A wannan tsari mai hidima na samun horo, sannan a haɗa shi da mutum guda, namiji da namiji, mace da mace, su riƙa ganawa kimanin sa'a ɗaya a mako.

A Arewa, Zumuntar Mata ta cocin ECWA da takwarorinta sun daɗe suna gaishe da marasa lafiya, suna zaman makoki da waɗanda aka yi wa rashi. A Sakkwato, cocin Katolika ya zama cikakkiyar dayosis a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagorantarta tun 2011. Buƙatar irin wannan hidima ta fi fitowa fili a unguwanni irin Sabon Gari, inda 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa ke zaune nesa da danginsu. Idan mutuwa ko gobarar shago ta auku, 'yan coci kan zama dangin da ke kusa.

Horon ya ginu ne kan sauraro fiye da wa'azi, da riƙe sirri, da sanin iyakar aiki. Mai hidima ba likita ba ne. Idan ya ga alamun taɓin hankali ko tunanin kashe kai, wajibinsa ne ya sada mutumin da ƙwararru, kamar na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Babban haɗarin aikin shi ne tonon asiri: wanda aka yayata damuwarsa sau ɗaya ba ya sake buɗe baki, kuma cocin kan rasa amanar sauran mabuƙata.